Mai Gadin Zuciya Shi Ma Yana Gajiya

Yau maganarmu a kan wani mai gadi ce, wanda kowa yake da shi kuma ba a biyansa ko dala. Yana zaune cikin zuciyar mutum. Shi ne yake ce maka: "Kama bakinka, wannan magana za ta ɓata zumunci." Shi ne yake ce maka: "Janye hannunka, wannan hatsi na iri ne." In babu shi, mutum da akuyar da ta tsinke igiya duk ɗaya ne.

Tun muna yara iyaye suke ce mana mu lura da kanmu. Malamai ma haka suke faɗa, kuma gaskiya ce. Amma ga tambaya. Shin ya kamata mutum ya sa wa kansa ido dare da rana, babu hutu? Wanda ya yi haka, shi ne zai fi kowa kamun kai? Abin da nake so in nuna maka shi ne: gadi dole ne, amma gadin da ba shi da lokaci yana gajiyar da mai shi, yana sa yini ya yi masa tsawo, har daga baya ya saki abin da yake riƙe da shi. Bari mu bi maganar daki-daki.

Wanda bai duba ba, ba zai riƙe ba

Mu fara da rumbu. A ce gidanka yana cin tiya 2 ta hatsi kowace rana. A wata guda tiya 60 ke nan. Daga kaka zuwa wata kaka kana bukatar tiya 720, wato buhu 18 in ana zuba tiya 40 a buhu. To, a ce ka samu hakan cif, ka gode wa Allah. Sai kowace rana rabin tiya yana fita ta gefe: yau an sayar don goro, gobe don sukari da shayi, jibi don biki. Rabin tiya ba ya cika ido. Amma ka yi lissafi. Tiya 720, in ana ɗibar 2 da rabi kullum, kwana 288 za ta yi. In ka buɗe rumbu a farkon watan Oktoba, zai ƙare a tsakiyar watan Yuli. Lokacin nan kuwa ana tsakiyar noma, sabon hatsi bai nuna ba, na kasuwa ya yi tsada. Sai maigida ya bar gonarsa ya tafi ƙwadago a gonar wani.

Wa ya cuci wannan mutum? Ɓarawo bai shiga gidansa ba. Rashin dubawa ne ya ci shi. Ba za ka iya hana abin da ba ka gani ba.

Masana halayyar ɗan Adam sun gwada wannan. A ƙasar Amurka akwai wani dare da yara suke bi gida-gida ana ba su alewa. A wani bincike da aka buga a shekarar 1979, an ajiye kwanon alewa, aka tambayi yaro sunansa, aka ce ya ɗauki guda ɗaya tak, sannan babba ya ba da baya. A wasu gidaje an jingina madubi bayan kwanon. Yaran da suka ga fuskarsu a madubi sun fi tsayawa a kan guda ɗaya. Babu wanda ya tsawata musu. Ganin kansu kawai ya ishe su.

Kai da ka koyi karatu da rubutu, ka samu madubi irin wannan. Kayenka madubi ne. In ka rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, takarda za ta nuna maka halinka, ba ta jin kunyarka kuma ba ta yi maka ƙarya.

Gadi yana da nauyi

Yanzu mu juya ɗaya gefen. Ka tuna ranar da ka fara zuwa gaida surukai. Ka zauna a gefen tabarma, kanka a sunkuye. Kowace kalma sai ka auna ta kafin ta fito. An kawo fura, ka ɗan taɓa ka ture, alhali kana jin yunwa. Kana lura da zamanka, da muryarka, da inda idonka yake kallo. Ba ka ɗauki kaya ba, ba ka riƙe hauya ba. Amma da ka koma gida sai ka ji kamar ka yini a gona. Me ya gajiyar da kai? Gadin kanka.

Haka sabon mai koyon rubutu yake. Yana riƙe alƙalami kamar zai karya shi. Yana duban hannunsa, yana duban harafi, yana duban na kusa da shi ko yana yi masa dariya. Layi uku kawai, gumi ya keto. Mu da muke koyar da manya muna ganin haka duk shekara. Mutumin da yake noma tun hantsi har azahar bai ce wash ba, shi ne layi uku suke kayarwa. A gona hannunsa ya san hanya, ba ya bukatar mai gadi. A kan takarda kuwa mai gadi yana tsaye a kan kowane harafi.

Wani masani Ba'amurke mai suna Roy Baumeister, shi da abokan aikinsa, sun buga wani gwaji a 1998. Sun sa ɗalibai masu jin yunwa a ɗakin da ke ƙamshin biskit mai cakulan. Wasu aka ce su ci biskit. Wasu aka ce su bar shi, su ci wata ɗanyar saiwa ta lambu mai ɗan yaji. Bayan haka aka ba kowa wani wasan zane wanda ba shi da mafita, don a ga wa zai daɗe yana ƙoƙari. Waɗanda suka ci biskit sun yi wajen minti 19. Waɗanda suka danne kwaɗayinsu sun yi wajen minti 8 suka ajiye. Daga nan aka ce kamun kai kamar ruwan randa ne, in an ɗiba yana raguwa.

Amma ilimi ba ya tsayawa wuri ɗaya. A 2016 wuraren bincike 23 a ƙasashe dabam-dabam suka haɗu, suka sake gwada maganar da wani irin aiki, da mutane fiye da 2,000. Ba su ga bambanci mai yawa ba. Saboda haka masana da yawa yau ba su yarda cewa kamun kai yana ƙarewa ƙaf kamar ruwan randa ba. Wannan labari ne mai daɗi. Ma'anarsa, in ka ji ka gaji da haƙuri, ba wai haƙurin ya ƙare ba ne. Gajiyar gaskiya ce, kana jin ta a jikinka. Abin da take yi shi ne ta karkatar da zuciya wajen hutu da abin daɗi. Jakin da ya gaji yana da sauran ƙarfi, amma duk inuwar da ya gani sai ya nufe ta.

Akwai wani abu kuma da ya fi wannan ban mamaki. Gwada da kanka yanzu. Ajiye wannan takarda, ka yi minti ɗaya, kada ka tuna farin raƙumi ko sau ɗaya. To, yaya? Na san raƙumin ya zo, har da tozonsa. A 1987 wani masani mai suna Daniel Wegner ya yi irin wannan gwaji. Ya ce wa mutane kada su tuna wata farar dabba ta ƙasashen ƙanƙara har minti 5, in ta faɗo musu a rai su kaɗa ƙararrawa. Ƙararrawa ta yi ta kaɗawa. Dalili kuwa a fili yake. Mai gadin da aka ce ya hana raƙumi shiga, dole ya riƙa tambaya: "Raƙumi ya zo? Raƙumi ya zo?" Kowace tambaya kuwa kiran raƙumin ce. Haka mai son barin taba yake. In ya yini yana cewa "kada in tuna taba", to taba ya yini yana tunawa.

Yadda yini yake yin tsawo

Agogo ba ya son kai. Minti 60 ne awa guda, ko ga sarki ko ga talaka. Amma a cikin zuciya akwai wani agogo dabam, wanda yake gudu wani lokaci, wani lokaci kuma ya yi rarrafe.

A 1962 wani saurayi Bafaranshe mai suna Michel Siffre ya shiga wani kogo mai zurfi a duwatsun da ke kan iyakar Faransa da Italiya. Babu rana, babu agogo. Ya shiga ran 16 ga Yuli. Da aka sanar da shi cewa lokacin fita ya yi, ran 14 ga Satumba, shi a lissafinsa 20 ga Agusta ce. Kwana 25 sun ɓace masa. Wannan ya nuna agogon zuciya ba abin dogara ba ne.

Ba sai ka shiga kogo ba za ka san haka. Dubi watan azumi. Daga hantsi zuwa azahar, in kana aiki, ba ka san yadda lokaci ya wuce ba. Amma daga la'asar zuwa magariba fa? Mutum ya zauna, ya dubi rana, ya dubi inuwa, ya taɓa maƙogwaro, ya sake duban rana. Sai ka ce an ɗaure ta da igiya. Dubi kuma ranar gayya. Ga makaɗa, ga samari a jere, ga barkwanci. Kafin ka ankara an gama gona. Gobe ka shiga irin wannan gona kai kaɗai, kana ƙirga kunya ɗaya-ɗaya, kana sauraron bayanka yana ciwo. Yinin nan ba ya ƙarewa. Ke ma uwargida kin sani: daka ta mutum uku da waƙa da lugude, kafin a ce me an gama. Ta mutum ɗaya mai duban turmi kuwa, hannu ya gaji tsaba ba ta yi laushi ba.

Ƙa'idar ita ce: duk lokacin da hankali ya koma kan kanka da kan lokaci, lokaci yana yin tsawo. In hankali ya tafi kan aiki, lokaci yana gajarta. A 2003 wasu masana biyu, Kathleen Vohs da Brandon Schmeichel, sun nuna wa mutane fim mai taɓa zuciya. Wasu aka ce su danne abin da suke ji, kada ya fito a fuska. Wasu aka bar su su kalla yadda suka ga dama. Da aka tambaye su tsawon fim ɗin, masu danne fuska sun ce ya fi daɗewa. Fim ɗaya ne, tsawonsa ɗaya.

Ka ga inda haɗarin yake? Mutum ba ya sakin haƙuri don awa nawa suka wuce a agogo. Yana saki ne don abin da zuciyarsa ta ce masa: "Ai na daɗe." Wanda ya bar taba kwana 3 yana ji kamar wata guda ne, sai ya ce ya isa a ba shi lada, ya kunna ɗaya. Wanda ya yi shiru minti 5 ana gaya masa baƙar magana yana ji kamar ya yini yana haƙuri, sai ya fashe. Wanda ya ƙudura zai riƙe wakensa har farashi ya tashi, in kullum yana zuwa kasuwa yana tambaya, mako biyu za su zame masa kamar shekara, sai ya sayar da araha. Yawan dubawa ya jawo gajiya, ya ja lokaci ya yi tsawo, tsawon lokaci kuma ya karya niyya.

To, sai mu kori mai gadin?

Wani zai ce: "Malam, in haka ne, gara mutum ya saki jiki, ya daina takura kansa." A'a. Dubi mai caca. Dubi wanda ya duƙufa a kan wayar salula tun bayan isha'i. Su ba sa jin gajiya, ba sa jin tsawon lokaci. Dare yana wuce musu kamar ƙiftawar ido, kuɗi ma haka. Sun sallami mai gadi, ɓarawo ya shiga ta ƙofa. Hanya tana da rami a dama, tana da rami a hagu. Mai yawan dubawa ya gaji ya faɗi. Marar dubawa ya faɗi bai ma sani ba.

Wani kuma zai ce: "Ai addini ya ce Allah yana ganinmu koyaushe, don haka dole mu lura koyaushe." Gaskiya ne Allah yana gani. Amma tuna Allah dabam, waswasi dabam. Ka san mutumin da yake alwala sau uku, ya kabbarta salla ya yanke, ya sake kabbartawa, don yana shakkar ko ya yi daidai. Malaman fiƙihu na Malikiyya ba su yaba masa ba. Sun ce wanda shakka ta zame masa jiki kullum, ya yi watsi da ita ya ci gaba da ibadarsa. Ashe su ma sun san akwai gadin da yake zama ciwo.

Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekarar 1111, ya yi babi guda a kan wannan a cikin littafinsa Ihya'u Ulumiddin. Ya kwatanta mutum da zuciyarsa da ɗan kasuwa da abokin cinikinsa. Da safe a kafa sharaɗi. Da rana a lura. A ƙarshen yini a zauna a yi lissafi, a ga riba ko hasara. Ka duba wannan tsari da kyau. Kowane abu da lokacinsa. Ɗan kasuwar da yake zazzage jakarsa yana ƙirga kuɗi bayan kowane ciniki, masu saye za su watse su bar shi. Wanda kuma bai taɓa ƙirgawa ba, uwar kuɗi za ta narke.

Yara ma suna da abin koya mana. Wani masani mai suna Walter Mischel ya yi gwaji da ƙananan yara a Amurka wajen 1970. A ajiye wa yaro abin daɗi guda, a ce in ya jira za a ba shi wanda ya fi. Yaran da suka ƙura wa abin ido ba su daɗe ba. Waɗanda suka kau da kai, suka yi waƙa ko wasa, su suka fi jira. A 2017 aka ba da labarin irin wannan gwaji da ƴaƴan manoma na ƙabilar Nso a ƙasar Kamaru, masu shekara 4. An ajiye musu fanke, aka ce su jira minti 10. Kusan 7 cikin 10 sun jira. A cikin yaran Jamus da aka gwada, waɗanda suka jira ba su kai 3 cikin 10 ba. Yaran Kamaru sun zauna shiru abinsu, wasu har barci ya kwashe su. Ba su tsaya kokawa da fanke ba.

Abin da za ka iya yi

Na ɗaya, kama abu guda. Kada ka ce daga gobe za ka bar taba, ka bar fushi, ka bar bashi, ka bar hira, duk a rana ɗaya. Mai gadi ɗaya ba ya tsare ƙofa huɗu. In abu guda ya zama jiki, ba ya bukatar gadi kuma, sai ka kama na biyu.

Na biyu, yanka wa lissafi lokaci. Na halinka, bayan sallar isha'i, minti kaɗan: me na faɗa yau, me na kashe, wa na ɓata wa? Na rumbu, sau ɗaya a mako, a ce kowace Juma'a. Tsakanin nan ka sa hankalinka ga aikinka.

Na uku, bar takarda ta ɗaukar maka kaya. Abin da ka rubuta ba sai ka yi ta juya shi a kai ba. Ja layi biyu a kaye: abin da ya shiga, abin da ya fita. Wannan yana cikin manyan amfanin karatun da ka sha wahala ka koya.

Na huɗu, nisanta abin da kake tsoro. Hatsin iri a ware shi tun a kaka, a rufe shi wuri dabam. In garinku akwai bankin hatsi, ka yi amfani da shi. Kuɗin da ba ka so ka taɓa, kada su kwana a aljihu: a sa su adashi, ko a sayi ƴar akuya. In ka san majalisar da ake caca, bi wata hanya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Dabarar da ka yi da safe da hankali kwance ta fi jarumtakar da za ka nema da dare.

Na biyar, kada ka yanke babbar shawara a kan gajiya, ko yunwa, ko fushi. Maganar saki, maganar sayar da gona, maganar rabuwa da ɗan'uwa, a bar su su kwana. In zuciya ta ce maka "na daɗe ina haƙuri", tambaye ta: kwana nawa ne a lissafi? Sau da yawa za ka tarar ba su kai yadda take faɗa ba.

Na shida, in jira ya kama ka, ba hannunka aiki. Tufka igiya, gyara darni, karanta shafi guda, je ka gaida marar lafiya. Rana ba ta sauri don an kalle ta.

Ka tausaya wa na ƙasa da kai

Saura magana ɗaya. Abin da yake gajiyar da kai, yana gajiyar da waninka. Yaron da ake tsaye a kansa, ana "zauna daidai, kada ka taɓa, kada ka yi", shi ne yake fasa ƙwarya. Amaryar da uwar miji da dangi suka sa wa ido a kan kowane motsi, ita ce gishiri yake yi wa yawa a miya. Dattijon da ya zo koyon karatu, in ana dariyar kowane harafinsa, mako biyu zai yi ya daina zuwa, ya ce kansa ya tsufa. Kansa bai tsufa ba. An ɗora masa gadi biyu ne, nasa da na mutane. Ka faɗa wa mutum abin da kake so sau ɗaya, a fili, ka ba shi wuri ya yi, sannan ku duba tare a lokacin da kuka ajiye.

Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. Amma mai dafa dutse ba ya buɗe tukunya kowane minti. Yana iza wuta, ya tafi harkarsa, ya dawo ya duba, ya ƙara itace. Ku tattauna wannan magana a wurin karatunku, kowa ya faɗi abu guda da yake so ya riƙe bana, da ranar da zai riƙa yin lissafinsa. Allah ya ba mu ikon lura da kanmu, ya kuma ba mu sanin lokacin da ya dace. Amin.